Waƙar "Layla" ta Eric Clapton: asalinta da abin da ya hana ta tsufa

Tambaya: Malam, akwai wata tsohuwar waƙar Turawa mai suna "Layla" da nake yawan cin karo da ita, wani lokaci da kiɗa mai zafi, wani lokaci kuma a sanyaye. Shin tana da dangantaka da labarin Laila da Majnun da muka sani? Wa ya yi ta, a kan wa aka yi ta, kuma me ya sa har yanzu ake saurarenta alhali ta haura shekara hamsin?

Amsa: Dangantakar tana nan, ɗan'uwa, kuma ta wuce ta suna kawai. Waƙar ta fito a watan Nuwamban 1970 a cikin kundin waƙoƙi mai suna Layla and Other Assorted Love Songs na ƙungiyar makaɗa ta Derek and the Dominos, wadda Eric Clapton, shahararren makaɗin jita ɗan Ingila, yake jagoranta. Mai sanyin da kake ji ita ma tasa ce, ya sake rera ta ne a 1992 bayan shekaru sun ja.

Labarin Majnun na Larabawa ne tun asali. Ruwayoyi sun ce Ƙais ɗan Mulawwah, na ƙabilar Banu Amir a yankin Najadu, ya rayu a ƙarni na 7 na Miladiyya, ya so Laila tun suna ƙanana, ya yi ta ambaton sunanta a waƙoƙinsa har danginta suka ɗauki abin a matsayin tonon asiri, mahaifinta ya hana shi ita, aka aurar da ita ga wani, shi kuma ya shiga hamada yana yawo cikin namun daji yana waƙe ta har ajalinsa. A shekarar 1188 Nizami, mawaƙin garin Ganja da ke ƙasar Azarbaijan ta yau, ya tattara waɗannan ruwayoyi ya tsara su cikin dogon waƙe da Farisanci, kuma daga nan ne labarin ya bazu zuwa Turkiyya da Indiya, inda masu fina-finai suka yi ta juya shi har ya iso wa da yawa daga cikinmu ta majigi. Sufaye kuwa sun daɗe suna karanta shi a matsayin misalin begen bawa ga Mahaliccinsa. Ta hannun wani mai wannan karatu ne ma labarin ya isa ga Clapton, wato Ian Dallas, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Sikotland, wanda ya musulunta a birnin Fas na Maroko a 1967, daga baya aka san shi da Shaihu Abdulƙadir as-Sufi. Labarin ya shiga ran Clapton ƙwarai, har a cikin kundin akwai wata waƙar dabam mai suna "I Am Yours" wadda aka rubuta sunan Nizami kusa da nasa a matsayin mawallafinta, saboda daga baitocinsa aka ɗauko kalmominta.

Abin da ya sa labarin ya kama shi haka shi ne halin da yake ciki. Clapton aminin George Harrison ne na ƙungiyar Beatles, amincin da ya kai shi ne ya kaɗa jita a waƙar Harrison ta "While My Guitar Gently Weeps" a 1968, abin da ba a saba gani ba daga baƙo a faifan Beatles. Harrison ya auri Pattie Boyd, mai tallar kayan ƙawa, a watan Janairun 1966, kuma Clapton, da yake yawan shiga gidan, sai ya kamu da son matar amininsa. Auren a lokacin ya fara tangal-tangal, shi ya sa a cikin waƙar mawaƙin yake tuna wa matar cewa shi ne ya yi ƙoƙarin rarrashinta sa'ad da mijinta ya ba ta kunya. Da yake ba zai iya kiran sunanta a bainar jama'a ba, sai ya ara mata sunan Laila. Boyd ta ba da labari a littafin tarihin rayuwarta na 2007 cewa ya kira ta wani gida a Landan ya kunna mata waƙar a kaset yana maimaitawa yana duban fuskarta, kuma abin da ya fara faɗo mata a rai shi ne tsoron cewa duk wanda ya ji zai gane da wa ake. Ba ta bi shi a lokacin ba, ta ci gaba da zama a ɗakin mijinta har 1974.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan, domin wanda ya so waƙa yakan so ya wanke mai ita. Neman matar aboki cin amana ne a ma'aunin addininmu da al'adarmu, kuma ko a Ingilar wancan zamani ba abin alfahari ba ne. Kamanta kai da Majnun da Clapton ya yi ma yana da gurgunta, domin Ƙais ya so Laila tun kafin ta zama matar wani, kuma a ruwayar Nizami soyayyarsu ta tsaya cikin kamewa har mutuwa ta raba su. Clapton ya ɗauki abin da ya dace da zafin zuciyarsa daga labarin, wato son wadda aka haramta masa da tsoron zaucewa, ya bar sauran. Ba na neman ka yarda da aikin mutumin, amma ƙimar waƙar magana ce dabam, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta.

A 1970 Clapton yana da shekara 25, kuma ya riga ya gaji da ɗaukakar da aka ɗora masa tun yana ƙungiyoyin Bluesbreakers da Cream, har samarin Landan suna rubuta kirarinsa a bango. Saboda haka ya ɓoye sunansa cikin sabuwar ƙungiya tare da Amurkawa uku da ya sani ta wurin aiki da ƙungiyar Delaney da Bonnie: Bobby Whitlock mai fiyano da murya, Carl Radle mai jitar da ke riƙe gindin kiɗa, da Jim Gordon mai ganguna. A ƙarshen watan Agusta suka sauka a ɗakin ɗaukar sauti na Criteria da ke Mayami a jihar Fulorida, ƙarƙashin kulawar Tom Dowd, gwanin da ya ɗauki muryoyin Ray Charles da Aretha Franklin. Kwanakin farko aikin bai yi armashi ba, sai da Dowd ya kai su kallon wasan ƙungiyar Allman Brothers, inda Clapton ya haɗu da Duane Allman, matashin da ya riga ya ji kiɗansa a faifan Wilson Pickett ya yaba. A daren suka koma ɗakin ɗaukar sauti tare, kuma daga nan Allman ya shiga mafi yawan waƙoƙin kundin.

Clapton ya fara tsara "Layla" ne a matsayin waƙar roƙo mai tafiyar hawainiya, kuma Allman ake jingina wa taken nan mai sauri da ke buɗe ta, wanda da zarar ya tashi kowa ya san wace waƙa ce. Masana da dama sun gano tushen taken a cikin karin muryar Albert King a waƙarsa ta "As the Years Go Passing By", sai dai an ninka saurinsa har ya koma wani abu sabo. Wannan yana nuna jijiya ta biyu da waƙar take sha daga gare ta, wato kiɗan buluz na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, wanda Clapton ya tashi yana koyo daga faifai tun yana yaro a ƙauyen Ripley. Hatta baitin ƙarshe, inda yake roƙon kada ta ce masa sonsa ya tashi a banza, yana ɗauke da amon wata waƙar Robert Johnson ta 1937. Ke nan al'adu biyu na kukan bege ne suka haɗu a wuri ɗaya, na hamadar Larabawa ta hanyar Farisa da na gonakin audugar Misisifi, kuma babu wanda aka yi wa dole a cikinsu, domin dukansu sun san mutumin da ke kiran wadda ba za ta amsa ba.

Idan ka saurari sashen farko da kunnen basira za ka ji cewa ba a bar mai sauraro ya zauna daram ba. Amshin yana kan wani mazaunin sauti, amma da zarar an shiga baiti sai kiɗan ya zame ƙasa da rabin mataki zuwa wani mazaunin da kunne bai yi tsammani ba, sannan ya sake hawowa da ƙarfi idan amshi ya dawo. An jera sautin jita da yawa ɗaya bisa ɗaya har suka yi kauri, Clapton kuma yana rerawa a can ƙurewar muryarsa, inda take neman tsagewa, Whitlock yana mara masa baya da irin muryar waƙoƙin cocin kudancin Amurka da ya taso a cikinsu. A sama da duk wannan akwai jitar Allman, wanda ba ya danna tsirkiya da yatsa yadda aka saba, sai dai ya zura ƙaramar kwalbar magani a yatsansa yana gogawa a kan tsirkiyoyin, sautin yana sulalewa daga wannan amo zuwa wancan ba tare da tsinkewa ba, kusa da yadda goge ke kuka a hannun gwani. Ya kai kwalbar can ƙarshen wuyan jitar, wurin da ba a tanadar wa yatsa mazauni ba, shi ya sa wasu amon nasa suke ɗan kauce wa daidaito. Wasu makaɗa suna ganin wannan aibi ne, ni kuwa ina ganin da an gyara shi da an cire wa waƙar ciwonta.

Kalmomin ba su da yawa kuma ba su da wuya. Baiti uku ne da amshi, kuma a cikinsu babu yabon kyawun fuska, babu alkawarin dukiya, babu bugun ƙirji. Mutum ne ya durƙusa yana roƙo, ya amince cewa ya yi wauta, ya ce an birkita masa duniya, yana neman a sassauta masa kafin hankalinsa ya gushe. A zamanin da mawaƙan rok, wato kiɗan nan mai ƙarar jitar lantarki da ganguna, suka fi son nuna isa da jarumtaka a gaban mata, wannan ƙasƙantar da kai baƙon abu ne, musamman daga bakin wanda ake yi wa kallon sarkin makaɗa.

Bayan kimanin minti uku sai maganar ta ƙare, kiɗan ya lafa, fiyano ya karɓa da wani kari mai taushi wanda ba a ji shi a baya ba, ya ci gaba har kusan minti huɗu ba tare da an sake furta kalma ɗaya ba. Wannan sashe ba a ɗauke shi rana ɗaya da na farko ba, daga baya aka ɗauka, Dowd ya haɗa zaren kaset ɗin biyu. A rubuce Jim Gordon ne mai shi, shi ya sa sunansa ke kusa da na Clapton a kan waƙar, amma mawaƙiya Rita Coolidge, wadda suke soyayya da Gordon a lokacin, ta bayyana a littafinta na 2016 cewa tare suka tsara karin a matsayin wata waƙa mai suna "Time", wadda 'yar'uwarta Priscilla ta rera tare da Booker T. Jones a 1973. Whitlock ya goyi bayan maganarta, kuma duk wanda ya saurari waƙoƙin biyu zai ji kamar da ke tsakaninsu, amma har yau sunanta bai hau kan "Layla" ba. A ganina wannan zalunci ne da ya kamata a riƙa ambata duk lokacin da ake yabon waƙar.

Whitlock ɗin kuma ya faɗa a fili cewa shi bai so a liƙa wannan sashe ba, yana ganin ya ɓata waƙar da ta cika da kanta. Ina girmama ra'ayin wanda aka yi abin a gabansa, amma a nan ne na saɓa masa, kuma a nan ne amsar tambayarka ta ƙarshe take. Waƙoƙin roƙon soyayya ba su ƙirguwa, kuma mafi yawansu suna ƙarewa ne ko dai da samun biyan buƙata ko da maimaita kuka har sautin ya dushe. "Layla" ta yi abin da ba kasafai ake yi ba, domin ta nuna abin da ke biyo bayan roƙo idan ba a amsa ba, lokacin da mutum ya faɗi duk abin da zai faɗa, ƙarfinsa ya ƙare, bai samu ba kuma bai daina so ba. Sashen fiyanon ba murna ba ne kuma ba makoki ba ne, shi ya sa kowane mai sauraro yake iya zuba nasa abin a ciki, ko rabuwa ce, ko rashi, ko nadama. Kuma da yake ya fi sashen magana tsawo, wanda ba ya jin Turanci bai yi asarar komai a cikinsa ba.

Wasu suna cewa gulmar da ke bayan waƙar ce ta raya ta. Tarihi bai goyi bayan haka sosai ba. Da kundin ya fito bai yi kasuwa yadda aka zata ba, bai ma shiga jadawalin faifan da suka fi ciniki a Birtaniya ba, domin bangonsa zanen fuskar wata mace ne kawai babu sunan Clapton, har kamfanin ya koma raba bajo masu sanar da cewa Derek shi ne Eric. A 1971 an fitar da waƙar ita kaɗai an yanke ta ƙasa da minti uku don gidajen rediyo, ba tare da fiyanon ba, ta tsaya a mataki na 51 a Amurka. Sai a 1972, da aka sake fitar da ita, ta kai mataki na 10 a Amurka da cikakken tsawonta, ta kuma kai na 7 a Birtaniya, sannan a 1982 ta sake dawowa ta kai na 4 a can. Kafin wannan nasara ƙungiyar ta watse, Duane Allman ya rasu a haɗarin babur a garin Macon na jihar Jojiya ranar 29 ga Oktoban 1971 yana da shekara 24, Clapton kuma ya kulle kansa a gida kusan shekara uku yana fama da jarabar muguwar ƙwaya mai suna hiroyin. Radle ya rasu a 1980, Gordon kuma, wanda ciwon taɓin hankali ya kama, ya kashe mahaifiyarsa a 1983, ya ƙare rayuwarsa a tsare a 2023.

Shi Clapton, saɓanin Majnun, ya sami Lailarsa. Boyd ta rabu da Harrison, suka yi aure da Clapton a watan Maris na 1979 a Tucson ta jihar Arizona, kuma ita ce dai ya yi wa "Wonderful Tonight" da ta fito a 1977. Auren bai yi daɗi ba, shaye-shayensa da neman matansa suka rusa shi, suka rabu a 1989. Amincinsa da Harrison kuwa bai mutu ba, sun yi rangadin wasa tare a Japan a 1991, kuma Clapton ne ya jagoranci kiɗa a taron tunawa da Harrison a Landan a 2002. Da a ce ƙarfin waƙar yana rataye ne a kan labarin masoya biyu, da ƙarshen auren ya rage mata daraja, amma shekarun da suka biyo bayan sakin su ne ma suka ƙara faɗaɗa ta.

A 1990 Martin Scorsese ya ɗora sashen fiyanon a fim ɗinsa na Goodfellas, a wurin da ake ta gano gawarwakin 'yan daba da abokan aikinsu suka kashe. Babu soyayya a wannan wuri ko kaɗan, amma kiɗan ya zauna daidai, domin abin da yake ɗauke da shi shi ne nauyin abin da ya riga ya auku ba a iya mayar da shi. Ta wannan fim ne matasa da yawa suka fara sanin waƙar. Sannan a watan Janairun 1992, ƙasa da shekara ɗaya bayan rasuwar ɗansa Conor mai shekara huɗu, Clapton ya zauna gaban 'yan kallo kaɗan a ɗakin ɗaukar shiri na Bray kusa da Windsor, don shirin Unplugged na tashar MTV, inda ake ajiye jitar lantarki a ɗauki ta katako. Shi da abokin kiɗansa Andy Fairweather Low suka rage wa waƙar sauri, ya saukar da muryarsa ƙasa sosai, aka sassauta taken, aka ajiye dogon sashen ƙarshe. Wannan ita ce mai sanyin da kake ji, kuma ita ce ta ci kyautar Grammy ta gwarzuwar waƙar rok a 1993, inda ta doke "Smells Like Teen Spirit" ta ƙungiyar Nirvana.

Kalmomin ba su canza ba tsakanin 1970 da 1992, amma ma'anarsu ta canza. A bakin ɗan shekara 25 roƙo ne na gaggawa daga wanda yake ganin rayuwarsa ta rataya a kan amsar mace ɗaya, a bakin ɗan shekara 46 kuma, wanda ya sami matar ya rasa ta, ya binne ɗansa da abokan kiɗansa, ya koma tuna baya cikin natsuwa. Ba kowace waƙa ce take jure irin wannan juyi ba. Mafi yawan waƙoƙin rok na wancan zamani, idan aka cire musu ƙarar lantarki da ganguna, sai a tarar babu abin da ya rage, amma wannan da aka tuɓe mata su sai aka ga tsarin karinta da na baitocinta suna iya tsayawa da kansu. Hakan ya ba ta masu sauraro kashi biyu waɗanda ba lalle ne su yarda da juna ba, kuma kowane kashi yana miƙa tasa ga na bayansa.

Ni dai ta 1970 na fi so, ko da yake ta 1992 ta fi sauƙin shiga kunne kuma muryar ta fi tsabta. Dalilina shi ne ta biyun ta fara ne daga natsuwa, ba ta nuna wahalar da aka sha kafin a kai ga natsuwar ba, alhali ta farko tana ɗauke da duka biyun a jere. Don haka idan za ka neme ta a intanet ka duba tsawonta kafin ka kunna: ta asali ta ɗan haura minti bakwai, kuma sunan Derek and the Dominos ne a kanta. Idan ka ga wadda ba ta kai minti uku ba, yankakkiyar rediyon nan ce ta 1971. Ka saurari cikakkiyar da abin sawa a kunne don ka iya rarrabe jitar Clapton da ta Allman, sannan ka bi ta da "Bell Bottom Blues" daga wannan kundi, wadda ya yi wa mace ɗaya a shekara ɗaya, aka kuma ɗauke ta ba tare da Allman ba, domin a nan ne za ka auna girman abin da kwalbar maganin nan ta ƙara wa kiɗan ƙungiyar.